Goron la'asar da barcin dattijo: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyi huɗu na zaɓo a wannan fitowar. Masu su ba su san juna ba, amma duk abu ɗaya suke kewayawa: wani sinadari da ke cikin ƙwaƙwalwar kowannenmu mai suna adinosin, da yadda tsufa ke sauya aikinsa. Yadda muka saba, na sakaya sunaye.

TAMBAYA, daga wani dattijo ɗan kasuwa, unguwar Bagalam, Maradi. Jikansa ne ya rubuta masa:

"Malam mai magani, shekaruna 68. Tun ina yaron mota muna bin hanyar Jibiya zuwa Katsina da Kano nake cin goro. A da sai in ci uku ko huɗu a wuni, in sha shayi bayan isha'i, in miƙe bisa buhunan gyaɗa in yi barci har sai an tashe ni. Yanzu ɓarin goro ɗaya bayan la'asar ya isa ya hana ni runtsawa har wajen ƙarfe biyu na dare. Ko ban ci ba ma barcin ba shi da nauyi, motsin akuya a garke sai ya tashe ni, kuma tun kafin assalatu idona biyu. Da rana kuwa ina zaune a rumfa sai gyangyaɗi. Goron ne ya sake ko ni ne? Wani yaro mai yawo da magani ya ce in sayi ƙwayar barci."

AMSA: Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Goro bai sake ba. Da wanda ake kawowa daga Gana da na Shagamu, duk yadda ka san su suke, kafeyin da ke cikinsu, wato sinadarin da ke wartsakar da mutum ya kore barci, yana wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen goro, jiya da yau. Abin da ya sake yana cikin kanka. Zan yi bayanin a tsanake, domin yana sosa mini rai yadda ake sallamar dattawa da "ai tsufa ne, Baba", alhali akwai dalilin da za a iya faɗa musu kuma su gane shi sarai.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Ba a manne suke da juna ba. Tsakanin bakin wannan da jikin waccan akwai ɗan tsagi da ido ba ya gani, kuma idan ɗaya za ta aika wa ɗaya saƙo, sai ta fesa wani sinadari a cikin tsagin, waccan ta karɓa. Waɗannan su ne sinadaran isar da saƙo. Gulutamet shi ya fi yawa, shi ke zaburar da ƙwaya ta yi aiki. Asetilkolin yana da hannu a farkawa da tara hankali da riƙe abin da aka koya. Dofamin yana kula da motsin gaɓoɓi da kwaɗayin tashi a yi abu. Lafiyar ƙwaƙwalwa a kan gwargwado ta rataya, a fesa daidai, a lokacin da ya dace. In gulutamet ya wuce kima ƙwayoyin su galabaita har su lalace, ko farfaɗiya ta tashi. In ya gaza, tunani ya yi sanyi.

Cikin masu kula da wannan gwargwado akwai adinosin. Kowace ƙwaya a jiki tana samun ƙarfin aiki ne daga wani abu da ake kira ATP, kuma idan aka gama warware shi, adinosin ne ke saura. Ke nan iyakar aikin da ƙwaƙwalwa ta yi, iyakar adinosin da zai taru a gefen ƙwayoyinta. A 1997 wata masaniya ƴar ƙasar Finlan, Tarja Porkka-Heiskanen, da abokan aikinta a Amurka suka auna wannan a ƙwaƙwalwar kyanwa. Duk awar da aka ƙara hana ta barci, adinosin sai ya ƙaru a wani sashe na ƙasan gaban ƙwaƙwalwa, da ta samu ta yi barci kuma sai ya sauka. Nauyin idon nan da kake ji a da bayan kun sauke kaya a Kano, da yawa daga cikinsa aikin wannan sinadarin ne.

Adinosin ba ya yin komai sai ya sami wurin zama a jikin ƙwaya. Waɗannan makarɓa nasa iri huɗu ne, A1 da A2A da A2B da A3, amma biyun farko su ne masu ƙarfi a ƙwaƙwalwa. Kai da ka sha kallon hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi ka san da abu biyu mahayi ke sarrafa doki, linzami da ƙaimi. A1 shi ne linzami. Idan adinosin ya zauna a kansa a bakin jijiya, sai ya tsuke ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke shiga ta cikinsu, kuma da yake shigar kalsiyam ce ke sa a fesa saƙo, sai fesawar ta ragu. A jikin ƙwayar da ke karɓa kuma yana buɗe ƙofofin fotasiyam, ta lafa, ta daina saurin amsawa. A2A shi ne ƙaimi, yana ƙara fesawar gulutamet da asetilkolin, kuma inda suka zauna wuri ɗaya da A1 yana iya rage masa ƙarfi.

A ƙuruciya linzami ne ke da rinjaye a ɓawon ƙwaƙwalwa da kuma wani lanƙwasasshen sashe mai suna hifokamfus, inda ake ɗaure sabon abin da aka koya. A2A kaɗan ne a waɗannan wurare, matattararsa tana can ciki, a sashen da ake kira sitirayatum, mai kula da motsi.

To ga abin da tsufa ke yi. A 1995, a ƙasar Fotugal, Rodrigo Cunha tare da Ana Sebastião da Alexandre Ribeiro suka gwada ƙwaƙwalen ɓeraye masu ƙuruciya da na masu shekara biyu, wanda a rayuwar ɓera tsufa ne tukuf. Suka tarar makarɓan A1 sun ragu a ɓawon ƙwaƙwalwa da hifokamfus na tsofaffin, na A2A kuwa sun ƙaru a waɗannan wuraren. A 1999 Luísa Lopes, daga wannan rukunin masu bincike, ta nuna abin bai tsaya ga yawa ba, A2A ɗin ya ƙara kaifi ma, amma a sitirayatum ba a ga irin wannan ƙarin ba. Da aka koma ana auna fesawar kanta a yankakken naman ƙwaƙwalwa, sai aka ga maganin da ke taɓa A1 ba ya rage saƙon kamar yadda yake ragewa a na ƙuruciya, wanda ke taɓa A2A kuwa ya fi ƙara shi. A wajen ɗan Adam ma, a 2007 masu bincike a Jülich ta ƙasar Jamus suka yi amfani da na'urar hoton ƙwaƙwalwa mai suna PET a kan mutane masu lafiya, suka ga alamar A1 tana raguwa gwargwadon shekaru. Linzami ya sassauta, ƙaimi ya ƙara kaifi. Shi ya sa nake ƙin a ce ƙwaƙwalwar dattijo "ta yi rauni" kawai. Wani abu ya ragu, wani ya ƙaru, ma'aunin ne ya karkata.

Yanzu mu dawo kan shimfiɗarka. An auna a tsofaffin ɓeraye aka ga adinosin da ke taruwa a wancan sashen na ƙasan gaban ƙwaƙwalwa bai ragu ba, ya ma fi na masu ƙuruciya, amma ƙwayoyin ba sa amsa masa yadda suke yi a da. Wannan ya yi daidai da abin da aka daɗe da sani a mutane, cewa barci mai zurfi, wanda ko an buga ƙofa ba ka ji, yana raguwa tun daga tsakiyar shekaru, kuma dattijo ya fi yawan farkawa cikin dare. Akwai wani dalili dabam da ke tafiya tare da wannan. Agogon jiki yana matsowa gaba da tsufa, barci ya zo da wuri, farkawa ma da wuri. Tashin da kake yi kafin assalatu ba alamar ciwo ba ce ita kaɗai.

Kafeyin kuwa ƙirarsa ta yi kusa da ta adinosin, sai ya je ya zauna a kan A1 da A2A duka, ya tare wurin, shi bai yi aikin ba, bai kuma bar adinosin ya yi ba. Wani zai ce to in A2A ƙaimi ne, yaya tare shi zai hana barci? Amsar ita ce ya danganta da ƙwayar da yake kanta. A can ƙasan ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin da yake zaburarwa su ne masu kawo barci, kuma a 2005 masu bincike a Osaka ta Japan suka nuna ɓeran da aka cire wa A2A kafeyin ba ya hana shi barci. Lokacin da kake saurayi, kiran barcin da adinosin ke yi yana da ƙarfin da ko goro ya tare rabinsa, sauran ya isa ya kwantar da kai bisa buhu. Yau kiran ya yi ƙasa, ɗan abin da ya saura kuma shi goron la'asar ke tarewa.

Wasu na ɗauka hanta ce ta daina iya wanke kafeyin. A dattijo mai lafiyar hanta ba a ga babban bambanci a nan ba, jiki yana ɗaukar wajen awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin da ke cikin jini, saurayi da dattijo kusan ɗaya. Amma yi lissafin da kanka, Baba, tunda lissafi sana'arka ce. Abin da ka tauna ƙarfe huɗu na yamma, rabinsa yana nan ƙarfe tara na dare, rubu'insa yana nan ƙarfe biyu, daidai lokacin da ka ce idonka ke rufuwa. A 2013 wani gwaji a Detroit ta Amurka ya nuna miligiram 400 na kafeyin, ko awa 6 kafin kwanciya aka sha, yana rage barci da fiye da awa ɗaya. A Montreal ta Kanada kuma, rukunin Julie Carrier ya gwada matasa da masu shekara 40 zuwa 60, ya ga babban awo ya fi ɓata barcin manyan.

Ba zan ce ka bar goro ba. Abin da aka yi shekara hamsin ana ci, ake kai shi neman aure, ake raba shi ranar suna, ba na ganin dalilin raba ka da shi in zuciyarka da hawan jininka lafiya suke. Lokacinsa za ka sauya. Ka ci da safe zuwa hantsi, in an yi azahar ka rufe algararar. In zaman yamma ya haɗa ka da masu shayi, ka bar musu kofin farko, domin tafasar farko ita ke kwashe mafi yawan kafeyin da ke cikin ganyen, ka jira na uku, ko a dafa maka citta da kanumfari da na'a-na'a ba ganyen shayi. Ƙailula ka yi ta, amma gajera, minti 20 zuwa 30 bayan azahar, kada ta kai la'asar, don doguwar ƙailula tana share adinosin da kake tarawa domin dare. Ka riƙa takawa da ƙafa da safe rana na taɓa ka. In kuma fitsari ne ke tashinka sau uku, huɗu a dare, ko iyali sun ce kana minshari har numfashi ya ɗauke, wannan wata magana ce dabam, ta likita ce.

Ƙwayar barcin yaron nan kuwa, don Allah kada ka saya. Yawancinsu diyazefam ne ko ƴan'uwansa. A jikin dattijo yana daɗewa ƙwarai kafin ya fita, yana sa jiri da ruɗewa da mantuwa, mutum ya tashi alwalar asuba ya faɗi ya karya ƙugu. Kuma jiki yana sabawa da shi har a kasa barci sai da shi.

TAMBAYA, daga wata malamar makaranta, Tasawa:

"Mahaifiyata shekarunta 74, tana da tansiyo, wato hawan jini. Shekara guda ke nan mantuwa ta kama ta. Ta ajiye kuɗi ta manta inda ta sa, ta tambaye ni abu ɗaya sau uku a zama guda, ran nan ta sa gishiri sau biyu a miya. Labarin ƙuruciyarta kuwa ba abin da ta manta. An turo mini wata murya a WhatsApp wai Turawa sun gano Nescafé yana maganin mantuwar tsufa. Ita ba ta taɓa sha ba. In fara ba ta?"

AMSA: Malama, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alheri kan kulawar da kike yi. A'a, kada ki fara ba ta. Amma maganar da aka turo miki tana da tushe, gara in nuna miki tushen da kuma inda ya tsaya.

Abin da kika lura da shi, cewa na da yana nan, na yanzu ne ke zubewa, aikin hifokamfus ne, domin shi ke ɗaure sabon abu kafin a adana shi. Kuma nan ne na ce A2A ke ƙaruwa da tsufa. A 2018 rukunin Luísa Lopes a Lisbon ta Fotugal, tare da abokan aikinsu a Faransa, suka duba naman ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu, suka ga A2A ya fi yawa a hifokamfus na tsofaffi, ya kuma fi haka yawa a na masu Alzheimer, cutar mantuwa mai tsanani. Sai suka samar da ɓerayen da ƙwayoyin jijiyarsu ke yin A2A fiye da kima tun suna ƙanana. Ɓerayen nan, da ƙuruciyarsu, suka riƙa manta hanya irin ta tsofaffi. Da aka ba su maganin da ke tare A2A, riƙonsu ya dawo. Dalilin shi ne zaburarwar da ta wuce kima tana sa a fesa gulutamet fiye da bukata, kalsiyam ya kwararo cikin ƙwayar da ke karɓa, mahaɗar ta kasa bambanta saƙon da ya kamata ta ƙarfafa da wanda ya kamata ta sassauta. Koyo kuwa daga wannan bambantawar yake fitowa. An kuma sha gwada ba tsofaffin ɓeraye kafeyin kaɗan-kaɗan cikin ruwan sha na tsawon watanni, aka ga mantuwarsu ta fi ta sauran sauƙi.

A mutane abin da ake da shi lura ce. A 2002 wasu likitoci biyu a Lisbon suka gwada masu Alzheimer 54 da masu lafiya 54, suka ga masu cutar sun fi ƙarancin shan kafeyin a shekaru 20 da suka gabaci ciwon. A 2007 wani bincike a birane uku na Faransa, kan mutum wajen 7,000 da suka haura shekara 65, ya ga matan da ke shan fiye da kofi uku na kafe a rana sun fi riƙe kalmomi bayan shekara huɗu. Ba a ga haka a maza ba, kuma a wannan tsakanin yawan waɗanda cutar mantuwa ta kama bai ragu ba. Duk wannan magana ce a kan mutanen da suka yi shekaru suna sha tun suna da lafiya. Ba gwajin magani ba ne a kan wanda mantuwa ta riga ta kama. Ga Inna, wadda jikinta bai saba ba, kofin Nescafé mai wajen miligiram 60 na kafeyin zai ɗaga mata jini na wasu awoyi, ya sa zuciya gudu, ya taɓa barcinta, rashin barci kuwa shi kansa yana ƙara mantuwa. In tana shan ɗan shayinta da safe tun asali, ki bar mata shi.

Abin da nake roƙonki shi ne ki kai ta wurin likita musamman don mantuwar, kada ki bari sai ranar awon tansiyo a ambace ta a tsaitsaye. A auna jini da sukari, a duba ƙarancin jini da bitamin B12, a duba aikin ƙullun wuya mai kawo maƙoƙo, a gwada jinta, domin mai raunin ji yakan maimaita tambaya a zaci mantuwa ce. A tambaye ta damuwar ranta, baƙin cikin da ya daɗe yana zuwa da siffar mantuwa a tsofaffi, kuma yana warkewa. Ki kwashe duk magungunan da ke ɗakinta cikin leda ki tafi da su. Wannan a kanti nake ganinsa: maganin mura da na ƙaiƙayi masu kulofeniramin ko furometazin suna tare asetilkolin, sinadarin da tsohuwar ƙwaƙwalwa ta fi bukata, kuma akwai tsofaffin da ke shan su kullum don su samu barci. In kuwa wata rana ta ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ba ta gane mutane, kada a jira. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, ƙishirwar bazara ko shanyewar ɓarin jiki duk suna yin haka, asibiti za a nufa nan take.

Wata magana kuma da ba ta magani ba ce. Ki tsare mata mutuncinta a gida. Kada yara su riƙa yi mata dariya in ta maimaita tambaya, kada a bari maƙwabta su fara raɗe-raɗin aljanu ko maita. Ciwo ne na nama da jini, a sashen da aka san sunansa.

TAMBAYA, daga wani tela, Madarumfa:

"Hannun mahaifina na dama yana karkarwa ko yana zaune, tafiyarsa ta zama ƙanana-ƙanana. Likita a Maradi ya ce Parkinson ne, ya rubuta masa lebodofa. Na ji an ce masu shan kafe ba su cika kamuwa da shi ba. In ƙara masa shayi mai ƙarfi?"

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi. A wannan ciwon ƙwayoyin da ke kai dofamin zuwa sitirayatum ne ke mutuwa a hankali. A can, A2A yana zaune a jikin ƙwaya ɗaya da makarɓin dofamin mai suna D2, kuma suna adawa da juna, in adinosin ya zauna kan A2A sai D2 ya rage jin dofamin. Saboda haka aka yi tunanin in an tare A2A, ɗan dofamin da ya saura zai fi tasiri. Tunanin ya haifar da magani na gaske, istiradefilin, wanda Japan ta amince da shi a 2013, Amurka a 2019. Ƙari ake yi da shi a kan lebodofa ga waɗanda maganin ke sakinsu tsakanin sha da sha, ba ya maye gurbinsa.

Maganar da ka ji ma gaskiya ce. Wani bincike da aka fitar a 2000, wanda ya bi maza fiye da 8,000 a Honolulu har shekara 30, ya ga masu shan kafe sun fi ƙarancin kamuwa. Sai dai da aka zo gwada kafeyin a kan waɗanda suka riga suka kamu, mutum 121, a gwajin da likitocin Kanada suka jagoranta aka fitar a 2017, miligiram 200 sau biyu a rana bai gyara motsinsu ba. Shayi mai ƙarfi kuma shi kansa yana sa hannu rawa. Kada ka ƙara masa.

Abin da zai amfane shi shi ne shan lebodofa a kan lokaci, daidai awoyin da likita ya rubuta kowace rana ba jinkiri, kuma wajen rabin awa kafin abinci, domin nama da wake da nono suna rage shigarsa jini da ƙwaƙwalwa. In kana ganin zai ƙare, ka nemo wani tun da sauran kwanaki, yanke shi farat ɗaya yana da haɗari. Ka kuma riƙa fita da shi yana takawa kullum, ko zuwa masallaci ne da dawowa.

TAMBAYA, daga wata uwargida, unguwar Zariya, Maradi:

"Maigidana shekarunsa 61, kullum da dare yana shan shayi a fadarsu, bai taɓa hana shi barci sosai ba. An rubuta masa sifuro saboda ciwon fitsari. Tun da ya fara sha ba ya barci, zuciyarsa na bugawa da ƙarfi, hannunsa na rawa. Ya ce zai daina maganin."

AMSA: Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya kafin ya daina. A hanta akwai wani sinadari mai suna CYP1A2 da ke warware kafeyin, sifuro kuwa, wato sifurofuloksasin, yana toshe shi. Sai kafeyin ya daɗe a jini fiye da yadda ya saba, na jiya bai fita ba na yau ya hau kai, makarɓan adinosin na ƙwaƙwalwa da na zuciya su wuni a tare. A shekarunsa, da barcin ya riga ya fara sirancewa, abin ya fi nunawa.

Shayin zai rage, maganin kuma ya ci gaba har kwanakin da aka rubuta su cika. Kada ya yanke shayin gaba ɗaya a rana guda, domin wanda ya saba yakan kamu da ciwon kai bayan awa 12 zuwa 24, ya tsananta a kwana na biyu, wani lokaci har ya haura mako, irin ciwon kan da mashaya shayi da maciya goro ke fama da shi a farkon azumi. Ƙaramin kofi ɗaya marar ƙarfi da safe ya ishe shi, na dare ya haƙura da shi, goro da Nescafé da lemon kwalba mai kafeyin su ma haka, har kwana biyu bayan gama maganin. Kada ya haɗiye ƙwayar da madara ko nono ko fura mai nono, kalsiyam yana kama ta a hanji ya hana ta shiga jini, a bar tazarar awa biyu aƙalla.

Abu uku ne za su sa ku koma wurin wanda ya rubuta maganin yau ɗin nan, ba gobe ba. In yana shan maganin asma mai tiyofilin ko aminofilin, domin su ma ta wannan hanyar hantar suke fita, kuma taruwarsu na iya kawo farfaɗiya. In bugun zuciyar bai lafa ba bayan ya rage shayin, ko ya zo da ciwon ƙirji ko jiri. In kuma ya ji ciwo ko kumburi a agararsa, a bayan dunduniya, ya dakatar da maganin nan take ya je a sauya masa wani, domin sifuro yana iya raunana wannan jijiyar, kuma waɗanda suka haura shekara 60 sun fi shiga wannan haɗarin.